Allon Tagullar da Na Wanke wa Yaya Hamza

Shekara goma ke nan da aka binne Yaya Hamza, kuma har yau in an ambaci sunansa ba makara nake fara tunawa ba. Kwalba nake tunawa. Wata koriyar kwalba mai murfin gilashi, wadda yake ajiyewa a ƙasa, ƙarƙashin teburin aikinsa, daidai inda hannun mai rarrafe zai kai. Ruwan wuta ne a ciki, wanda mutanen Jidda ke ce wa moyat nar, irin wanda maƙera ke gwada zinariya da shi. Tun Safiya tana cikina nake tsoron kwalbar nan. Ban haihu ba tukuna, ba a san mace ce ko namiji ba, amma ni na riga na ga ranar da yaron zai jawo ta.

Wanda bai san mu ba, bari in gaya masa. Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, shi babba, ni auta, tsakaninmu shekara goma sha biyu. A nan Jidda aka haife mu. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ya sauke farali, bai koma ba. Da na yi aure ban bar gidanmu ba, domin Abban Safiya direban babbar mota ne, yau yana bakin tashar jirgin ruwa gobe yana hanyar Madina, sai ya ce gara in zauna kusa da Inna. Gidan ɗaki uku ne da tsakar gida: ɗaya na Inna, ɗaya nawa, ɗaya na Yaya da tarkacensa. Bai yi aure ba. In Inna ta tayar da maganar sai ya ce wace mace ce za ta jure warin ɗakinsa, kuma a nan kam gaskiyarsa ce.

Sana'ar da mutane suka san shi da ita sassaƙa hatimi ce. Yana da ɗan tebur kusa da masu rubuta wa jama'a takardun koke. Duk wanda bai iya sa hannu ba sai ya zo ya faɗi sunansa, Yaya ya sassaƙa masa a kan guntun tagulla, tsofaffin mata su zura zare su rataya a wuya. Wannan sana'ar ita ta ciyar da mu, ban taɓa jin haushinta ba. Ɗayar ce ta hana ni sakat.

Yana saurayi ya yi aiki a wata maɗaba'a a cikin Balad, tsohon garin Jidda. Akwai wani tsohon Bature ɗan Italiya da ya ƙetaro daga Asmara, shi ke gyara musu inji in ya tsaya. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Yaya takardu uku da tsufa ya mayar da su launin shayi. Hoton yaƙi ne, baƙi da fari. Dawakai sun hau kan juna, hayaƙin bindiga ya rufe sama, wani ya faɗo ƙafarsa ta maƙale a likkafa doki yana jan sa. Baturen ya ce masa wanda ya yi su ya mutu tun wajen shekara ɗari uku, kuma yana matashi ya bi sojoji, abin da ya gani da idonsa shi ya zana. Yakan yi manya da fenti a rataya a gidajen masu mulki, yakan kuma yi ƙanana a kan tagulla a buga da yawa, wanda ba kowa ba ma ya samu. Ya faɗi sunansa, Yaya ya riƙe. Ni bakina bai taɓa iya juya shi ba, yanzu kuma ba wanda zan tambaya.

Mutumin nan da ya mutu a ƙasar da ba mu taɓa gani ba ya zauna mana a gida kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Yaya yana ce masa malamina. Inna ta ce malamin naka ko alwala bai iya ba. In na shiga kai masa abinci sai ya tare ni ya ce in duba, a tsakiya mutum biyu ne kawai aka fito da su sosai, sauran duk hayaƙi ne da ƙura, kuma duk daɗewar da zan yi ina kallo ba zan gane wa ke cin nasara ba. Ya ce wanda ya taɓa tsayawa a cikin yaƙi ne kaɗai zai zana shi haka, wanda ya ji labari kullum sai ya nuna gwani. Yana bayani, ni ina kallon ƙasan tebur.

Ga yadda yake aikin, don na kalle shi har na haddace, ko in ce na ɗauka na haddace. Zai samo allon tagulla mai faɗin tafin hannu biyu, ya goge shi har mutum ya ga fuskarsa. Ya narka kakin zuma da wani ƙaro ya shafa masa siriri. Ya cire wa fitila gilashi ya kanga allon a kan hayaƙin har ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sannan ya ɗauki allurar ɗinkin Inna da ya soke a jikin kara, ya zauna yana zane a kan baƙin, kwana da kwanaki. In ya gama sai ya kwantar da allon a tasar tangaran ya zuba ruwan wuta. Ruwan ya ci tagullar duk inda allura ta bi, ya bar inda kaki ya rufe, yana tafasa ba wuta, yana fitar da wani hayaƙi ja-ja mai shaƙe maƙogwaro. Daga nan sai ya wanke baƙin da kananzir, ya cusa tawada cikin layukan, ya share saman da tafin hannu, ya ɗora takarda mai laima, ya murza su a injin matse wanki da ya samo daga wani jirgin ruwa. Ya ɗaga takarda, ga yaƙi. Ku riƙe maganar kananzir ɗin nan, za mu dawo kanta.

Maganar hoto kuwa, kun san garin nan, balle a wancan lokacin. Inna ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da surar mai rai ba. Yaya ya je wurin limamin unguwa, ya dawo da cewa in an raba kai da gangar jiki, to ba mai rai ba ne kuma. Tun daga ranar, duk mutum, duk doki, duk jakin da ya zana sai ya ja masa siririn layi a wuya, kamar silin gashi. Inna kuma ta naɗa kanta mai bincike. Ba takardar da za ta fita gidan sai ta kai ta bakin ƙofa wurin haske ta bi wuya-wuya da ɗan yatsa. Wata rana ya buga tari guda na wani zane da ya sha wahalarsa, sai ta gano wani doki can baya, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wuyansa lafiya lau. Ya ce Inna, wannan ai hayaƙi ya riga ya cinye shi. Ta ce ita ba ta ji liman ya ambaci hayaƙi ba. Haka ya zauna da alƙalami mai shuɗin tawada yana yanka dokin nan takarda bayan takarda, yana ƙunƙuni, tana zaune a kansa tana jan carbi.

Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, wannan ma wani abin haushin ne. Yana da aboki mai sayar da akwatunan ƙarfe, irin masu fentin furanni da alhazai ke cikawa da tsaraba. In lokacin aikin hajji ya zo sai Yaya ya dama sitaci, ya je shagon ya manna takardunsa a cikin murfin akwatunan, ɗaya-ɗaya. Ya ce bangon gida Inna ta hana, bangon kasuwa ba ma a magana, amma cikin murfin akwati ba mai leƙawa sai mai shi. Na ce to wa zai san kai ka yi? Ya ce ai shi ma malamin nasa bai san takardarsa za ta zo Jidda ba.

Yanzu in na zauna gaban talabijin ana nuna yaƙin wata ƙasa, nakan ce da Yaya yana nan me zai ce. Ina jin zai ce sun cika sauri, kafin ka kalli wanda ya faɗi an wuce zuwa wani abu. Na tabbata kuma zai juya ya kalli Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, wadda ta sa shi yanka doki mai girman shinkafa, yau ita ce ke cewa a ƙaro murya ba ta ji. Ba wanda ya ja wa mai karanta labarai layi a wuya. Kowa yanzu yana da hotonsa a aljihu, na iƙama, wato katin izinin zama, ko na wata takardar, an manna an buga hatimin roba a kai. Sai dai a littattafan makarantar Safiya nakan ga an bi raƙumi da akuya an ja musu layi, in yi dariya ni kaɗai, dariyar da ba ta daɗewa.

Safiya ta fara rarrafe tana wata bakwai. Na ce wa Yaya ya ɗaga kwalbar nan sama, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ya ce sama kusa da kwano zafi ne, murfin zai iya tsalle, ƙasa ce mai sanyi, kuma ai yana rufe ƙofa. Ƙofar da ba ta da sakata! Iskar teku ta la'asar in ta taso da kanta take buɗe ta. Ya sa mini suna Hajiya Fargaba. In ya shigo gida sai ya ce, Hajiya Fargaba, yau me ya kusa faruwa bai faru ba?

To ran nan ya kusa. Ina tace shinkafa sai na ji gidan ya yi shiru, irin shirun da uwa ta sani. Na same ta a ƙarƙashin teburin, hannu ɗaya ta riƙe ƙafar tebur, ɗayan yana kan murfin kwalbar. Ba ta buɗe ba, Allah ya tsare. Amma akwai ɗigon da ya gangaro a jikin kwalbar, ya taɓa mata ɗan yatsa, wurin ya yi rawaya kamar an shafa kurkum, ya fi kwana goma bai fita ba. Na wanke ta, na miƙa wa Inna, na ɗauki kwalbar da tsumma na zagaya bayan gida, na haƙa rami na juye. Ƙasar ta yi ta kumfa tana huci. Ban yi nadama ba a ranar, yau ma ban yi ba, kuma duk uwar da ke karanta wannan ta san ba zan yi ba.

Da ya dawo ni da kaina na gaya masa. Ya fara duba yatsan yarinyar, ya daɗe yana kallo, bai ce Hajiya Fargaba ba. Can sai ya ce maƙerin zinariyar da ke samo masa ruwan ya rufe shago ya tafi Makka, ba zai dawo ba sai bayan hajji, ga shi yana da allon da ya yi niyyar sa wa a ruwa ranar Juma'a. Na ce to ya jira. Ya ce zai jira. Iyakar maganar ke nan. Bai ce wane allo ba ne, bai ce ga inda yake ba, bai ce kada a taɓa ba. Wannan shi ne abin da har yau nake riƙe da shi a kansa, kuma in Allah ya haɗa mu sai na faɗa masa.

Duk shekara dangin kakanmu, da dangin danginsu, da wanda kawai ya ji sunan gidan a cikin jirgi, in sun sauka Jidda wurinmu suke kwana biyu kafin su wuce Makka. Al'adar gidanmu kuwa, kafin baƙon farko ya iso, duk wani abu na tagulla sai an fito da shi tsakar gida an dirje shi da toka da lemun tsami: butar gahawa, turminta, kaskon turare, farantan shayi. Inna tana cewa mutumin da ya taho daga Kano bai zo ya ga tsatsa ba. Maza kuma a ɗakin Yaya suke kwana, don haka dole a share shi. An gaya masa tun da sati. Ya ce to, ya tafi teburinsa, don lokacin ne ake rububin hatimi.

Na shiga da tsintsiya. A kan dakalin taga na ga wani allo an jingina shi yana kallon bango, ba ƙyalle, ba komai. Na juyo shi, baƙi ƙirin. Da na karkata shi na ga ƙananan layuka ja-ja sun cika shi, kamar kaji sun yi tono. Na ce a raina wannan aikin da aka gama ne ya yi ƙyuyar wankewa, kamar yadda yake barin kwanon abincinsa. Na sha ganin sa yana wanke baƙin nan da kananzir. Sai na ce bari in yi masa abin kirki ya huce maganar kwalba. Wallahi abin da ke zuciyata ke nan.

Baƙin ya fita ba wahala, yana ɗiga a yashi. Na bi da toka da lemun tsami kamar sauran kayan. Ya yi ƙyalli har ya fi farantin Inna. Sai da na ɗaga shi na ga fuskata a ciki, sumul, ba layi ko ɗaya, sannan na gane abin da na yi. Sauran allunan in an wanke su zanen yana nan, ana jin sa da farce. Wannan bai shiga ruwan wuta ba. Zanen duk a jikin kakin yake, kakin kuma ga shi can ya bi yashi.

Ya dawo bayan la'asar ya tarar da shi a jere da butar gahawa. Ya ɗauka, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske yadda Inna ke yi da takardunsa, ya juya nan ya juya can. Sannan ya ce, "Wallahi kin iya wanki, Auta."

Na ce, "Da ka faɗa mini."

Ya ce, "Da kin tambaya."

Na ce, "Wata nawa ka yi a kansa?"

"Tun ranar sunan Safiya."

Ni na yi ta faɗa, ba shi ba. Na ce wane irin mutum ne zai bar aikin wata takwas a kan taga kamar murfin tukunya, a ranar da ya san ana wankin tagulla? Wane irin mutum ne zai zauna da mata biyu a gida bai taɓa gaya musu abu ɗaya mai amfani ba, sai labarin Baturen da ya mutu? Ya bar ni na gama. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai kawai ya miƙo mini allon ya ce halas, shi ke nan, a riƙa ɗora wa baƙi shayi a kai. Haka kuwa aka yi. Alhazan shekarar har yaba farantin suka yi ta yi.

Bayan hajji maƙerin ya dawo, Yaya ya kawo sabuwar kwalba. A wannan karon ya sa ta cikin akwatin katako, ya buga kwaɗo, ya rataya a ƙusa, ya miƙo mini makullin. Abin da na yi shekara ina roƙo ke nan, sai da ya zama ba shi da amfani ya yi shi. Tari ya riga ya kama shi. Ni na ce hayaƙin ruwan nan ne, shi ya ce ƙurar Jidda ce, likita ya ce ƙirjin ya daɗe da ciwo. Ya shafa wa wani sabon allo kaki, ya yi masa baƙi, ya ɗauki allura, hannun ya ƙi tsayawa. Bai taɓa tambayata makullin ba.

Sai da ciwon ya kwantar da shi ya gaya mini abin da na wanke. Ya ce duk ayyukansa na baya sawun malaminsa yake bi, ko da ya sauya tufafi da makamai. Wannan ne na farko da ya fito daga kansa. Labarin da kakanmu ke ba mu ne, na ranar da masu bindiga suka faɗa wa ayarinsu a hanyar gabas. Ba jarumai a ciki, mutane ne a ƙasa, jakai sun watse, kaya sun zube. A tsakiya, inda malamin ke sa mayaƙa biyu, shi mace ya sa, tana gudu da goyo tana waiwaye. Ya ce, "Fuskarki na sa mata, irin wadda kike yi in kin ga kwalba." Ya yi dariya tari ya tare shi. Ni ban yi ba. Ashe ranar wankin na riƙe zanen nan a hannuna, na karkata shi a haske, na ga tonon kaji.

Ya rasu da hantsi a watan Rabi'ul Awwal, wata huɗu bayan wankin. Allah ya jiƙan sa, ya yafe masa, ya yafe mana. A zaman makoki wasu mata suka yi ta gaya wa Inna nauyin da ke kan mai yin hoto a kabari. Ba na ganin laifinta, ɗanta take tsoron wa azaba. Ta tattara duk takardun da suka rage, har da tsofaffin ukun nan na Bature, ta kai bayan gida don ta ƙona. Allunan kuma ta aika wa maƙerin tagulla ya buge su ya yi mana murafan tukwane. Ni na miƙa mata ashana. Ban hana ta ba, don a lokacin abin da nake so kawai gidan ya zama wurin da yaro zai yi rarrafe. Allo ɗaya ne ya tsira, wanda na wanke, saboda ba komai a jikinsa da za a ji tsoro. Yana nan, shi nake ɗora wa baƙi shayi har yau.

Wancan gidan katafila ta share shi, an shimfiɗa titi a wurin, mun komo unguwar Madain Fahd. Safiya shekararta goma sha ɗaya, tana da ƙanne biyu. Yatsan ya warke ba tabo. Amma yarinyar nan ba ta barin takarda fara. Bayan kwalin sabulu, gefen littafi, bangon bayan ƙofa, ko'ina zane. Ba wanda ya koya mata. In ta sunkuya tana yi, harshenta yakan leƙo ta gefen baki, kuma mutum ɗaya na sani mai yin haka.

Bara tana wanke-wanke sai ta kira ni. A cikin murfin tukunyar shinkafa, can gefe inda guduma ba ta samu sosai ba, akwai ƙafar doki ta baya, da kofato, da ɗan guntun wutsiya. Shekara tara ina wanke murfin nan ban gani ba, ni da ake ce wa ba abin da ke wuce idona. Ta ɗora takarda a kai ta goga fensir, ƙafar ta fito. Na zaunar da ita na ba ta labarin kawunta, wanda take ce wa Khali kamar yadda yaran nan ke yi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ummi, da gaske Khali ya iya, ko don ya rasu ne kike yabon sa?"

Me zan nuna mata? Ƙafar doki ɗaya da farantin shayi. In ta tambayi tsofaffin maƙwabta cewa za su yi, ai miskin mai hatimin nan, wanda warin magunguna ya ɗan taɓa masa kai. Abbanta ya ce shi dai ya san mutumin kirki ne. Inna ba ta son a tayar da maganar. Ni kaɗai na rage da na tsaya a bayansa na ga ya ɗaga takarda daga kan tagulla, kuma ni ce wadda ba ta kalla da kyau ba, don idona yana ƙasan tebur.

Nakan zauna in auna abin da ya rage nasa. Hatimansa suna nan. In na je wani ofis na ga tsohuwa ta jawo zare daga wuyanta ta hura wa tagulla iska ta buga, daga nesa nake gane hannunsa. Amma sunayen wasu ne a jiki, ba nasa ba. Karatun bokon da nake rubuta muku wannan da shi, shi ya koya mini, da jaridun da alhazai ke bari. Makullin akwatin nan yana cikin kayana, kwalbar kuwa na mayar wa maƙerin zinariyar tun ranar bakwai. Haushinsa ma yana nan, bai ragu ba. Mutum ya yi shekara da shekaru yana aiki, bai ajiye ko takarda ɗaya inda za a same ta ba, ya bi ya manna a akwatunan mutanen da bai san sunansu ba, ya bar ni ina yi wa 'yar ƙanwarsa rantsuwa.

Safiya ta fara tambayata wane irin kaki ne, wace irin allura. Na gaya mata gaskiya. Na kuma gaya mata ruwan wuta ba zai shigo gidan da nake ciki ba, in ta girma ta yi nata gidan ta san yadda za ta yi, amma ta sa kwaɗo. Abin da nake so kafin nan shi ne ta ga hannun kawunta ko sau ɗaya, cikakke, ba ƙafa kaɗai ba.

Saboda haka nake roƙon ku. Duk wanda mahaifinsa ko kakarsa ya zo hajji ta Jidda a 'yan shekarun da suka gabaci rasuwar Yaya Hamza, ya koma da akwatin ƙarfe mai fentin furanni, ko a Kano yake, ko Damagaram, ko Sudan, don Allah ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ya buɗe ya duba cikin murfin. In akwai takarda baƙi da fari mai dawakai da hayaƙi, ya kai ta haske ya duba wuya. Kowane mutum da kowace dabba akwai siririn layi. In an ga wani ɗan doki can baya mai shuɗin layi, to ba shakka kuma. A rubuto ta hannun wannan jaridar, ko a ba alhajin da zai taho bana saƙo, ya tambayi ƙanwar Hamza mai hatimi a Madain Fahd. Aro nake nema, zan mayar. In takardar ta ƙi ɓanɓaruwa a bar ta a jikinta, a cire murfin gaba ɗaya. In kuma ta yi datti, a aiko ta da dattinta. Kada wanda ya goge, kada wanda ya sa mata ruwa.